Ɗan Marini a Gurbin Masunta

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya matso da shi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

"To, a gyara zama. Kai Sagiru, angon da bai taɓa kawo mini cefane ba, janye ƙafarka daga kan zanena. Ke Balaraba, in kin gama lashe kwanon nan ki ajiye shi, ba wani tuwon da zai sake tsirowa a ciki."

Wai a can da, akwai wani kogi da ya ratsa tsakanin garuruwa biyu. Ta gabas garin marina ne, masu tsoma tufafi a ramin baba su fito shuɗaye. Ta yamma garin masunta ne, masu kwana da kifi su tashi da kifi. In zakara ya yi cara a wannan gari, na wancan garin yakan amsa masa. Amma mutanen, ko gaisuwar mutuwa ba sa yi wa juna.

Abin da ya haɗa su kuwa tun zamanin kakannin kakanni ne. Wai wani marini ya kwashe tsohon ruwan rini ya zubar a kogi, kifaye suka mutu suka taso ciki sama. Masunta suka fusata, suka kwaso ruɓaɓɓen kifin suka antaya a ramukan rini, rini ya lalace, gari ya yi ta wari har kaka. Daga nan aka yi rantsuwa. Masunta suka rantse ba mai sa shuɗin tufa, ba mai aure da marina, kuma ko marini zai nutse a gabansu ba mai miƙa masa hannu. Marina suka rantse ba mai cin kifi, ba mai aure da masunta, kuma ba wani kayan aikinsu da zai sake taɓa ruwan kogin. Suka haƙa rijiyoyinsu. Shi ke nan masunta suka dawwama cikin fararen tufafi da suka koma launin ƙasa, marina suka dawwama da miyar da ba ta san kifi ba. Kowa yana cutuwa, kowa yana taƙama.

To, Sarkin Marina, ana kiransa Jatau, yana da ɗa saurayi mai suna Tunau. Yaro ne mai fara'a, hannayensa shuɗaye har gwiwar hannu kamar na kowane marini. Wata rana Tunau ya tafi yankan ganyen baba a fadama, can sama inda wata giginya ta faɗi ta zama gada zuwa wani ɗan tsibiri a tsakiyar kogi. Yana cikin yanka sai wani ƙamshi ya kama shi ta hanci. Ya ajiye lauje. Ya bi ƙamshi, ya hau giginya, ya haye.

Sai ga wata budurwa tsugune tana banda, wato tana gasa kifi da hayaƙi. Hakama ke nan, 'yar Barmo Sarkin Ruwa, shugaban masunta.

Tunau ya ce, "Sannu da aiki."

Ta ɗago kai ta ga hannayensa, ta ja da baya. "A'uzubillahi! Mutum ko aljan?"

"Mutum ne. Aljan ba ya jin yunwa irin wadda nake ji."

"To hannun fa? Wa ya daka maka su a turmi?"

"Sana'a ce. Ke fa, wannan zanen naki, da fari aka saye shi ko da dattinsa aka saƙa shi?"

Hakama ta yi niyyar ɓata rai, dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Marini ne kai ashe. Ka san in 'yan'uwana suka gan ka nan, sai dai a kwashe ka a kwando?"

"Na sani. Amma kafin a kwashe ni, mene ne wannan mai ƙamshi?"

"Tarwaɗa ce. Ba ka san kifi ba?"

"A gidanmu in aka ambaci sunansa sai an tofar da yawu."

Ta ɓantaro masa a kan ganye. Tunau ya sa a baki, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe sai ya ce, "Wallahi kakanninmu sun cuce mu."

Kashegari ya dawo, wai ya manta laujensa. Ya sake dawowa, wai ganyen wajen ya fi kyau. Zuwa na huɗu ko lauje bai ɗauko ba, ita ma ranar ko wuta ba ta hura ba. Suka zauna suna jefa tsakuwa a ruwa, ba wanda ya yi maganar kifi.

Da abin ya kai inda ba ya ɓoyuwa a zuci, sai kowa ya je ya taɓa ubansa ya ji. Tunau ya sami Jatau a bakin rami yana motsa rini da muciya, doguwar sandar nan ta marina. Ya durƙusa ya ce, "Baba, in da a ce mutum ya ga yarinya a hayi..."

Jatau ya tsaya cak. "Wane hayi?"

"Hayi dai, Baba."

"Hayi ɗaya gare mu, kuma babu 'yan mata a can, sai kwaɗi masu ɗaura zane. In na sake jin wannan zance a bakinka, zan tsoma ka a ramin nan in bar ka sai ka yi baƙi wuluk."

Ita kuwa Hakama ta sami Barmo yana gyaran taru, babbar ragar kamun kifi. Ta ce, "Baba, da marini da kada, wa ka fi so ya zama surukinka?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Kada mana. Kada ai maƙwabci ne."

Suka haɗu a tsibiri kowa ya faɗi abin da ya samo. Tunau ya dafa kai. Amma Hakama ba mai dafa kai ba ce. Ta ce, "Saurara. In kaka ta wuce ana buɗe babban gurbin da ke gaban garinmu, wanda ba a taɓa kifinsa duk shekara. Ranar masunta na zuwa daga gari-gari. Al'adarmu ce, wanda ya fito da kifin da ya fi kowanne girma, Sarkin Ruwa ba ya tambayar sunansa ko gidansu sai ya ba shi abu ɗaya da ya roƙa. In ya ce na ba ka a gaban jama'a, ba ya iya haɗiye maganarsa. Kai za ka kama kifin, ka roƙe ni."

Tunau ya ce, "Hakama, dubi hannuna. Daga hayi ake gane ni. Ban iya iyo ba. Kuma kifin da na taɓa kamawa a duniya shi ne wanda kika miƙo mini a ganye."

Sai suka ji wata murya daga sama. "Shalamu alaikum, mashoya!"

Gizo ne, da tsamin bakinsa, yana saukowa ta zarensa daga reshe. Tun ranar farko ƙamshin banda ya ajiye shi a wurin, duk abin da suka faɗa yana kunnensa. Ya ce, "Hannu, iyo, kifi. Ai ƙananan abubuwa ne. Ni na wanke hankaka har ya sami farin ƙirji. Ku dai ku riƙa ba ni tarwaɗa, sauran ku bar mini."

Tunau ya yi murna. Hakama ta dube shi sheƙeƙe, amma ba su da wani. Aka ba shi tarwaɗa.

Gizo ya kawo tsamiya da yashi ya ce a goge. Tunau ya goge, ya goge, har fata ta saɓule. Shuɗi yana nan daram.

Gizo ya ci wata tarwaɗar, ya kawo lalle ya ce a ƙunsa, ja zai kori shuɗi. Aka ƙunsa. Da aka kwance, hannu ya koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Hakama ta ɗauki itacen wuta ta ce, "Gizo, yau kai zan yi banda."

Gizo ya yi tsalle ya ce, "Tsaya, ranki ya daɗe! Ai da gangan na yi!" Ƙarya yake, a lokacin dabarar ta faɗo masa. Ya nemo tsummoki da layu ya rataya, ya shafa toka a fuska, ya shiga garin marina yana tafe yana gurnani, wai shi boka ne daga ƙasa mai nisa. Ya tsaya gaban Jatau ya kama hannun Tunau ya ɗaga sama. "Sarki, ka taɓa ganin rini ya yi wa mutum haka? Ciwon rami ne! In yaron nan ya sake taɓa baba kafin a gama girbi, hannun zai guntule ya faɗa ciki."

Jatau ya tsorata. Aka naɗe hannayen Tunau da ganye, aka hana shi aiki. Sannu a hankali baƙi ya tafi, shuɗi ya bi shi, hannu ya fito tas kamar na jariri. Tunau ya riƙa kallonsu a ɓoye kamar aron su ya yi.

Saura iyo. Gizo ya ce shi malamin iyo ne, amma yau mura yake yi, sai ya kira Agwagwa. Tunau ya tuɓe ya saura da tsohon bantensa na aiki wanda wanki ya koɗar. Agwagwa ta ce, "Ɗan nan, ba wuya. Zauna kawai a kan ruwan, shi ya san aikinsa." Tunau ya zauna. Tsundum! Sai da Hakama ta jawo shi ta kunne.

Aka kira Kwaɗo. Kwaɗo ya ce, "Kumbura cikinka, ka harba ƙafa." Tunau ya buɗe baki zai kumbura, kogi ya shiga. Cikin ya kumbura kam, amma a bakin gaɓa, Hakama tana danna shi yana aman ruwa.

Sai Hakama ta buga ruwa da tafin hannu ta kira tsohon Kada, wanda take jefa wa kayan cikin kifi tun tana ƙarama. Kada ya taso ya dubi Tunau da ido ɗaya, ya ce, "Jikata, wannan naki dutse ne da aka yi wa ƙafafu. Ba zai iya iyo ba ko zai shekara yana koyo. A nemo masa gora babba ya kwanta a kai, ai rabin masu zuwa su, wato kamun kifin nan, da gora suke shiga. Kifi kuwa ku bar mini. Akwai wani giwan ruwa a ƙasan gurbi, ya kusa kai ni tsawo, zan koro shi da wutsiya har cikin homar yaron, ragar da zai riƙe a hannu. Amma ku ji da kyau. Ranar su, ubanki yakan yi asirinsa ya ɗaure bakin kowane kada tun asuba, ba ya kwancewa sai rana ta faɗi. Wutsiya kaɗai gare ni ranar. In wani abu ya ɓaci, ba ni da bakin da zan ciji ko zare."

Tunau ya ce, "Ba abin da zai ɓaci, Kaka Kada."

Aka tara wa Gizo tarwaɗa cike da kwando, aka ce ya je wajen masu gora ya musanya da mai kyau, ya haɗo da farin gajeren wando irin na masunta. Gizo ya kai gindin wata tsamiya ya zauna wai zai ɗanɗana wutsiya ɗaya. Da ya farga, kwando ya zama wayam. Ya share baki. Wando dai ya zare shi daga shanyar wani. Gora kuwa, ya bi juji ya tsinci wata tsagaggiya, ya cusa yanarsa a tsagar, ya shafe da laka ya goge. Ya kawo yana haki. "Wannan ko giwa ta hau ba za ta nutse ba!"

Ranar su ta zo. Tunau ya tashi da wuri zuciya fal. To, marina suna da wata al'ada: namijin da zai je neman aure ba ya fita sai da sabon tufa a jikinsa, wanda aka ɗauko daga wajen bugu, inda ake dukan rinannen tufa har ya yi santsi, shuni na ƙyalli a kansa, ruwa bai taɓa shi ba. Fita neman aure da tsohon tufa a wajensu kamar zagin yarinyar ne. Tunau ya dubi tsohon bantensa ya ce, "Haba, Hakama ta fi ƙarfin wannan tsumma." Ya ɗauko sabo dal, baƙi-shuɗi mai sheƙi, ya ɗaura, ya ɗora farin wando a kai. Ya duba, ba a ganin komai. Bai ko tuna ruwa ba. Shi da tun haihuwarsa bai taɓa ganin ruwan wanka ya fita fari ba, ina zai tuna?

"Wayyo, Kaka, zai zuba!" in ji Balaraba.

"Ke ce kike ba da tatsuniyar ko ni? Rufe baki."

Bakin gurbi ya cika maƙil. Ta yamma masunta, kowa da gorarsa da homarsa. Ta gabas kuwa marina, don su ma ba sa fashin wannan rana. Duk shekara sukan bar aiki su zo su jeru a gaɓarsu da muciyoyinsu a hannu, suna ihu suna toshe hanci. Jatau na gaba. Barmo Sarkin Ruwa yana tsaye a kwalekwalensa da filafilin tuƙi a hannu. Hakama na cikin mata.

Aka buga ganga. Jama'a suka afka cikin ruwa, Tunau a tsakiyarsu, kwance kan gora yana harba ƙafa yadda Kwaɗo ya koya masa. Ba wanda ya dube shi sau biyu. Ya kai tsakiyar gurbi ya tsoma homa. Can ƙasa Kada ya yi aikinsa. Sai ji ya yi an fizge shi kamar an ɗaura masa sa. Giwan ruwa ya taso ya buga wutsiya, ruwa ya tashi sama, mutane suka ɗau kabbara. Ba a taɓa ganin irinsa ba.

Don kada kifin ya kuɓuce, Tunau ya naɗe homar a hannunsa, ya murɗa, ya sake murɗawa, yadda marini ke naɗe zane in zai matse shi. Ba masuncin da zai yi haka ko yana barci, amma shi abin da hannunsa ya sani ke nan.

Barmo ya tuƙo kwalekwale yana washe baki. "Kai, yaro! Ko ɗan wane ne kai, yau ranarka ce. Roƙi abin da kake so."

Tunau ya ɗago kai, ya hango Hakama. Ya buɗe baki. "Ranka ya daɗe, ina roƙon..."

Sai wata tsohuwa a gaɓa ta ƙwala ihu. "Ku dubi ruwan! Ku dubi ruwan!"

Kowa ya duba. Shuɗi ne ke fita daga ƙugun yaron, yana faɗaɗa a kan ruwa kamar faifai, kamar tabarma, har ya taɓa gefen kwalekwalen Sarki. Farin wandon ma ya rine. Tunau ya duba shi ma, bai ga abin mamaki ba tukuna, sai da ya ji an ce, "Marini ne! Marini a gurbinmu!"

Masunta suka dare suka fice daga ruwa kamar an zuba wuta. Barmo ya ja kwalekwalensa baya. A daidai nan lakar Gizo ta narke, yanar da ya cusa ta saki. Gora ta ce ɓul, ɓul, ɓul, ta tafi ƙasa. Ga kifi na ja, ga hannu a naɗe.

Tunau ya taso ya yi kira, "Baba!"

Jatau ya gane muryar. Yana tsaye a kan gaɓa, muciyarsa doguwa ce, in ya miƙa za ta kai. Ya ɗaga ta, ya tuna rantsuwa, hannunsa ya tsaya a sama. Ya daka wa Barmo tsawa, "Ruwanka ne! Fid da shi!"

Barmo ya ce, "Ɗanka ne! Miƙa masa sandar!"

Tunau ya nutse, ya sake tasowa. Yana ganin su duka biyun, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kowa da itace a hannu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara karya rantsuwa.

Hakama kuwa gwaggwanninta sun rirriƙe ta. Ta ciji wannan, ta ture waccan, ta faɗa ruwa. Kafin a ce wani abu ta kai gare shi, ta rungumo shi ta ƙirji ta ɗago kansa. Ta kai hannu za ta kwance homar, homa ta shige cikin nama. Kada yana zagaya su a ƙasa yana tura su da baya, bakinsa a ɗaure, kifi kuwa ya haukace yana jan su wajen zurfi.

Barmo ya yi ihu, "Hakama! Sake shi in ɗauke ki!"

Ta ce, "Ba zan sake shi ba, Baba! In hannu ne ba za ka miƙa ba, miƙo filafili!"

Barmo ya dubi filafili. Ya waiwaya wajen dattawan masunta ya ce, "Filafili yana cikin rantsuwar?"

Wani dattijo ya ce, "Ai hannu aka ce." Wani ya ce, "To filafilin da ƙafa ake riƙe shi?" Na uku ya ce a jira yayansa, shi ya fi sanin yadda aka yi rantsuwar, ga shi can ya zaga bayan gari.

A hayin gabas ma haka. Wani ya ce wa Jatau ya miƙa muciyar ta sama kada ta taɓa ruwa. Wani ya ce in yaron ya kama da jiƙaƙƙen hannu ai ta taɓa. Gardama ta kaure, har ana nuna wa juna yatsa.

Tunau ya ce, "Hakama, sake ni. Ke kin iya ruwa."

Ta ce, "Rufe bakinka, ruwa zai shiga. Ai ka riga ka roƙa, ni na ji, kuma na ba ka."

Suka taso sau ɗaya. Suka taso sau biyu. Na uku, jama'a na ta gardama, sai wata mata ta ce, "Ina suke?"

Kowa ya waiwaya. Ba komai a kan gurbi sai shuɗin nan yana ta yawo.

A nan ne Jatau ya yar da muciya cikin kogi, ya bi ta tsundum, shi da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawu ba. Ya fara nutsewa. Barmo bai tambayi kowa ba wannan karon. Ya miƙa hannu, hannunsa na dama, ya damƙi shuɗin hannun Jatau ya jawo shi cikin kwalekwale. Rantsuwa biyu suka karye a lokaci ɗaya. Mutane suka rufe ido suna jiran tsawa ta faɗo. Ba abin da ya faɗo. Kogi bai ƙafe ba, ba wanda ya makance, ko kare bai yi haushi ba. Tsofaffin biyu suka zauna a kwalekwale ɗaya suna ɗigar ruwa, an rasa mai iya duban wani.

Masunta suka yi ta nutso har rana ta faɗi, ba su sami kowa ba. Da bakin Kada ya kwance, sai ya taso ya ɗora haɓarsa a kan kwalekwalen. Ya ce, "Kifin ya shige da su kogon da ke ƙarƙashin gaɓa, inda ni ma ba na kaiwa. Na gan su da idona, ba wanda ya saki wani. Barmo, kai ka ce ka fi son kada ya zama surukinka, ko? Ni dabba ne, an ɗaure mini baki, shi ya sa ban cece su ba. Ku fa, wa ya ɗaure muku hannu? Na girmi rantsuwarku, ina nan aka yi ta. Waɗanda suka yi ta ma fushin wuni ɗaya ne ya ɗebe su." Ya nutse, ba a sake ganinsa a wannan gurbi ba.

Aka nemi Gizo. Tuni ya haye saman ɗaki ya maƙale a lungu, yana saƙar yanarsa ya ga ko wannan karon za ta riƙe ruwa. Har yau yana can, shi ya sa ko kun share sai ya sake.

Garuruwan biyu suka yi zaman makoki a wuri ɗaya, a kan tsibirin nan. Matan masunta ba su da tufan da ya dace, matan marina suka kwance mayafansu suka rufa musu. Aka dafa kifi, marina suka ci suna kuka. Jatau da Barmo suka tsufa suna zama tare a bakin gurbi, ba sa yawan magana.

Da damina ta kewayo, sai aka fara ganin wasu 'yan tsuntsaye biyu a wurin, waɗanda ba a san su ba a da. Shuɗaye ne shar, suna sheƙi kamar yanzu aka fito da su daga wajen bugu, amma sana'arsu kamun kifi. Su faɗa ruwa tsulum, su fito da kifi a baki, kuma ruwa ba ya rinewa.

"Kaka, su ne?" in ji Sagiru, yana goge ido wai hayaƙi ne.

"Ni ban ce ba, ango. Amma Jatau da Barmo sun hana kowa ya harbe su."

To, kun dai ji. Gabar da kuka tarar a gida, ba ku san farkonta ba, kada ku ɗauke ta ku fifita a kan ran mutumin da ke numfashi a gabanku. In kuka ga wani yana nutsewa, ku miƙa abin da ke hannunku tukuna, a yi shawara daga baya. Kuma in saƙo na rai da mutuwa ne, kada ku aiki mai kwaɗayi.

Kungurus kan kusu! Ƙaryar da ke ciki ta Gizo ce, ku bar masa abarsa. Balaraba, ɗauke kwanon nan, kowa ya nemi tabarmarsa.